Yadda ake kula da tsofaffin kayan itace a gidan tarihi

Mu ɗauka yau da hantsi wasu magada sun sauke maka kaya uku a ofis: kujera 'yar tsugunno da aka sassaƙa daga gungume guda, da baƙin akushi wanda bakinsa ya tsage, da allo mai zayyana na saukar kakansu. Duk sun yi futu-futu da ƙura. Hannunka zai fara ƙaiƙayin ɗauko tsumma da ruwa. Ka danne shi.

Kafinta idan aka kai masa tsohuwar kujera, burinsa ta fito kamar sabuwa. Zai kankare, ya goge da sanfefa, ya cike rami, ya shafa fenti. Kai kuwa an ɗauke ka aiki ne don kujerar ta ci gaba da zama tsohuwa. Sawun gizagon masassaƙi, da santsin da zaman shekara da shekaru ya bari a samanta, da baƙin hayaƙin madafa, su ne tarihin. Duk wanda ya goge su ya yi gyaran gangar Auzinawa. Saboda haka ƙa'ida uku ke bin kowane mataki da ke tafe: ka yi mafi ƙarancin abin da zai tsayar da lalacewa, kada ka sa abin da na bayanka ba zai iya cirewa ba, kuma ka rubuta duk abin da ka yi.

Da farko, biro da kyamara

Kafin magadan su tashi, zaunar da su ka yi tambaya. Wa ya sassaƙa, a wane gari, da wane itace? Wa ya yi amfani da shi, an taɓa gyara shi, an taɓa fesa masa magani? Abin da za su gaya maka a rabin sa'a, ba za ka same shi a jikin itacen ba ko ka shekara kana dubawa. Ka tabbatar kuma an sa hannu a takardar da ta nuna kyauta ce ko aro. A Najeriya dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi ba tare da izini ba, don haka asalin kowane abu ya zama a rubuce.

Sai hoto. Ɗauki gaba, baya, sama, ƙasa, da kowace tsaga daga kusa, tare da ruler a gefe don a ga girma. Auna tsawon tsagar akushin da faɗinta da milimita, ka rubuta kwanan wata. Wannan awon zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato, za mu dawo kansa.

Sa safar hannu ta roba. Gumin hannu yana barin tabo, wannan ɗaya. Na biyu, tsofaffin kayan da suka daɗe a ma'ajiya da yawansu an taɓa yi musu feshin maganin ƙwari na DDT ko makamancinsa a shekarun baya, kuma gubar tana nan a jiki.

Wajen ɗagawa, kujera mai hannu ana kama ta ne ta mazauni, ba ta hannu ko majingina ba. Akushi a tallabo shi ta gindi da hannu biyu. Ba a jan akwati ko tebur a ƙasa, ba a ɗaukar kalangu ta igiyoyinsa. Turmi kuwa aikin mutum biyu ne, kuma sai an share wurin da za a ajiye shi kafin a ɗaga.

Keɓewa: baƙo ba ya shiga ma'ajiya kai tsaye

Sabon kaya yana kwana a ɗaki na dabam, aƙalla mako biyu zuwa huɗu. Shimfiɗa baƙar takarda, ɗora abin a kai, rufe shi da leda mai haske, ka riƙa leƙawa kowace safiya.

Maƙiyan iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai ƙwaro mai huda itace. Alamarsa ƙananan ramuka ne kamar an soka allura, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, da gari mai laushi da ke zubowa. Ramin da ka gani ƙofar fita ce, wato babban ƙwaron ya riga ya tashi. Mai ɓarnar ita ce tsutsar da ke ciki, wadda takan yi watanni, wani lokaci shekaru, tana ci ba a ganinta. Idan garin da ya zubo a kan baƙar takardarka fari ne tas, kuma bayan ka share ya sake taruwa, to akwai mai rai a ciki. Idan ramukan sun yi duhu kuma ba abin da ya zubo, tsohon ciwo ne, ka bar shi.

Sai gara. Ita gidanta a ƙasa yake, tana hawowa ne ta hanyar laka da take ginawa a jikin bango. Takan cinye cikin itace ta bar ɓawo, har ka ga kujera lafiya lau, ka danna yatsa ya nutse. Ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa, inda ya yi amon holoƙo ka yi masa alama a hoton. Kashe garar da ke jikin kujera ba ya raba ka da ita, tunda uwar tana can ƙarƙashin daɓe. Maganinta a ginin yake: a ɗaga kaya daga ƙasa da kamar santimita 15 a kan kantar ƙarfe, a janye su daga bango yadda mutum zai iya zagayawa da tocila, a toshe inda ruwa ke kwanciya a gindin gini, a kira masu maganin gara su yi aiki a kan ƙasa da harsashi, ba a kan kayan ba. Wannan ya fi tsanani a gidajen tarihi da su kansu ginin ƙasa ne, irin Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Magabata sun san abin da suke yi da suka zaɓi azarar giginya don rufi, domin gara ba ta cika samun sa'arta ba. Amma kujerar da ke ƙarƙashin rufin ba giginya ba ce.

Kashe ƙwaro ba tare da guba ba

Hanya uku ce, kowace da inda ta dace.

Sanyi. Naɗe abin da farin ƙyalle na auduga, saka shi a leda mai kauri, matse iskar ciki, ka liƙe bakin sosai. Sa shi a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili, ya yi kwana bakwai cur. In firizar tana kai 30 ƙasa da sifili, kwana uku sun isa. Idan ka fito da shi kada ka buɗe ledar sai ya kwana ya wuni, domin raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda, kar ta taɓa itacen. Matsalarmu a nan sananniya ce: in wuta ta ɗauke firizar ta huce, lissafin ya koma farko. Wanda ba shi da janareto ko sola da zai riƙe mako guda, gara ya bar wannan hanya. Kuma ba a sa ganga mai ɗaurarriyar fata, ko abin da aka yi wa ado da hauren giwa ko ƙarfe, domin kowannensu da yadda yake takurewa.

Zafi. Wannan Allah ya hore mana shi kyauta. Ƙwaro da tsutsarsa da ƙwansa ba sa jure digiri 55 idan ya daɗe. Naɗe abin da ƙyalle, liƙe shi cikin baƙar leda, ɗora a kan wani abu da zai raba shi da ƙasa, ka lulluɓe da leda mai haske daga sama, a bar shi a ranar bazara. Abin lura shi ne tsakiyar itacen ce za ta kai 55 ta zauna a haka sa'o'i, ba fatarsa kawai ba. Don haka samo guntun itace mai kauri ɗaya da abin, huda shi, zura ma'aunin zafi, ka naɗe shi a gefe a matsayin ɗan gwaji. Liƙe ledar shi ne sirrin, domin laimar itacen ba ta samun hanyar tserewa, sai ya fito bai tsage ba. Kujerarmu 'yar tsugunno za ta iya bin wannan hanya. Allo mai zayyana, ko abin da ke da gam, kaki, fenti ko fata, a'a.

Hana iska. Duk manomin da ya taɓa ajiye wake a buhun PICS ya san dabarar: ƙwaro in ya rasa iskar shaƙa ya mutu. Bambancin shi ne tsutsar da ke cikin kujera ba ta da yawan da za ta shanye iskar da kanta. Sai an yi jaka da leda ta musamman mai rufin alminiyam, an zuba ƙunshin sinadarin da ke tsotse oksijin, an liƙe da zafi, oksijin ɗin ya sauka ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, a bar shi mako uku ko fiye. Ta fi tsada, ta fi jinkiri, amma ita ce ba ta cutar da komai. Allon nan ita ta dace da shi.

Abubuwa biyu da za a ba ka shawara a kansu, ka ce na gode ka wuce. Baƙin mai na mota, wanda ake shafa wa katakon rufi, in ya shiga tsohon itace ba ya fita har abada. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa a rumbun hatsi, iskar fosfin da take fitarwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki, tana kuma cin tagulla da azurfa.

Shara

Yanzu ne za ka taɓa ƙurar. Buroshi mai laushi a hannun dama, bakin injin zuƙar ƙura a hagu, an ɗaure masa ƙyallen gidan sauro don in wani ɓallin itace ya fita ya maƙale a nan. Injin ba ya taɓa jikin abin, buroshin ne ke kora masa ƙurar. Fara daga sama. Sau da yawa aikin shara ya ƙare ke nan.

In akwai dattin da ya ƙi tashi, naɗa auduga a kan tsinke, jiƙa ta kaɗan da tataccen ruwa, ka gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa, wurin da bai fi farce ba. Mirgina audugar za ka yi, ba gogawa ba. Duba ta: in launin abin ne ya biyo ta, tsaya nan. Kada ka yi dariya in ka ga tsofaffin ma'aikata suna jiƙa audugar da yawu. Sinadarin da ke narkar da abinci a baki yana ɗaga datti da kyau, kuma ana yin haka a manyan gidajen tarihi na Turai, sai a bi da ruwa kaɗan.

Allo kuwa ko ɗigo kar ya gani. Tawadar allo an yi ta ne da ƙaro da baƙin gawayi ko na tukunya musamman don ta wanku, kowane almajiri ya san haka. Buroshi ma sai a gefen rubutun, in ka ga tawadar tana ɓamɓarewa ka ajiye shi a kwance, fuska sama. Haka baƙin akushi da maiƙon da ya sha na man shanu: ba datti ba ne, shaidar tuwon da aka ci ne a ciki.

Tsaga, da dalilin da ya sa ba a gaggawar cike ta

Nan ne sababbin hannu suka fi yin ɓarna, don haka bari in daɗe.

Itace ko ya shekara ɗari biyu da sarewa bai daina shan laimar iska yana fitarwa ba. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya takure. Kowa ya ga ƙofar da ke cijewa a watan Agusta, ta koma sakwaf a Janairu. Motsin kuma ba daidai yake ta kowane ɓangare ba. Ta tsawon itace kusan babu shi. Ta faɗi yake, kuma wanda ke bin zagayen gungume ya kai kusan ninki biyu na wanda ke tafiya daga tsakiya zuwa ɓawo. Shi ya sa turmi da akushi da duk abin da aka fafe daga gungume guda suke tsagewa daga baki zuwa ciki.

A ƙasar Hausa wannan motsi mai girma ne. Da hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, da tsakiyar damina ta haura 80. Littattafan aikin suna son a tsaya tsakanin 40 da 60, kada kuma ta yi tsalle fiye da 10 a yini guda. A ganina, wanda ya ce zai riƙe wannan da na'urar sanyaya ɗaki a inda wuta ke zuwa tana tafiya, cutar kayan zai yi, domin kunnawa da kashewa sun fi yanayin waje saurin jujjuya laima. Kujerar da ta yi shekara tamanin a ɗakin ƙasa ta riga ta saba da hunturu da damina, ta yi tsagar da za ta yi. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne canjin farat ɗaya. Ɗaki mai kaurin bango, tagogi a rufe lokacin iskar hunturu, kabad mai rufuwa da kyau, da ƙyallen auduga a ciki, sun fi amfani. Rataya ma'aunin laima, ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. In ya wuce 65 ya zauna kwanaki, fumfuna na tafe, sai a kunna fanka iska ta zagaya.

To, koma kan awon da ka yi ranar farko. Sake auna tsagar akushin a Janairu, a Afrilu, a Agusta. Za ka ga tana buɗewa tana rufewa. Idan ka cike ta da abu mai tauri lokacin da take a buɗe, damina na zuwa itacen zai kumbura, ya rasa wurin tafiya, ya tsage ta wani gefen. Garin neman gira an rasa ido. Tsagar da ba ta ƙaruwa daga shekara zuwa shekara, a bar ta. Wadda ke barazanar raba abin biyu, a yi masa matashi da zai tallabe shi, in kuma cikon ya zama dole a yi shi da abu mai laushi da zai matsu, kamar itacen balsa, a rina shi ya kusa da launin asali amma mai duba da kyau ya gane gyara ne.

Idan ƙafa ce ta karye, gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba shi ne abokin aiki, domin ɗumi da laima suna sake shi ko bayan shekara hamsin. Gam mai kamawa nan take, da mai haɗi biyu, da ƙusa, duk ba su da wuri a teburinka. Gwada haɗa karayar a bushe tukuna, ka shirya yadda za ka ɗaure, sannan ka shafa.

Inda ƙwaro ya mayar da itace kamar soso, ana shayar da shi Paraloid B-72, wani gam na roba da ke ƙarfafa itace. Narka giram 5 a mililita 100 na asiton, wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta, ka riƙa ɗura shi da sirinji ta ramukan, kaɗan-kaɗan, kana bari ya shiga. A zafinmu asiton yana tashi da sauri ya jawo sinadarin ya dawo fata ya yi ƙyalli, saboda haka lulluɓe wurin da leda ya bushe sannu. Yana ɗan duhunta itace, ka gwada a ɓoye tukuna. Buɗe taga, ba wuta ba sigari kusa.

Da Paraloid ɗin ake sa lamba ma. Shafa ɗan siririn layi mai kauri, kamar kashi 20 cikin ɗari, a gindin abin, ya bushe, rubuta lambar rajista a kai, sake rufewa. Ranar da aka so cirewa, asiton ya ɗauke ta ba tabo.

Man goge katako na kanti da man gyaɗa da sauran mai, a bar su a gida. Itace ba ya jin yunwa. Mai yana daskarewa ya yi baƙi ya riƙe ƙura.

In itacen daga ruwa ya fito

Wannan dabam ne, kuma kuskure a nan ba ya gyaruwa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Irin wannan itace ruwa ne ke riƙe da siffarsa. In ya bushe haka kawai sai ya motse ya dare. Jirgin Vasa na Suwidin, da ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa sinadarin PEG don ya maye gurbin ruwan. In aka kira ka kan abu irin wannan, aikinka ɗaya ne: ya zauna a jiƙe, a inuwa, a lulluɓe, ka sanar da hukuma.

Ajiya da nuni

Rana ba ta sauka a kan kaya. Itace tsura yana jure haske har luks 200 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), amma allo mai zayyana da duk abin da ke da rini ko fata, 50 ne iyakarsa, wato ɗaki mai ɗan duhu. Shimfiɗa ƙyallen auduga da aka wanke tsakanin abin da kanta. Kada a ɗora akushi cikin akushi. A ɗakin nuni sa igiya ko dakali, domin baƙo in ya ga kujera zama yake tunani.

Mai son koyon aikin a hannun malamai, Jos ce tsohuwar cibiyarsa. Can Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi a 1952, can kuma aka kafa makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi da taimakon UNESCO a 1963. Masu Faransanci, irin 'yan'uwanmu na Nijar, suna da makarantar kayan gado ta Afirka a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin tun 1998.

Sauran aikin na kowane mako ne. Ware rana guda, ɗauki tocila da littafi, ka bi kanta-kanta. Haska ƙarƙashin kowane abu ko akwai sabon gari, bi gindin bango ko gara ta fara gini, duba tarkon ƙwari mai danƙo da ka ajiye a kusurwa, shinshina ko akwai warin fumfuna. Bayan ruwan farko, lokacin da shinge, wato gara mai fiffike, ke fitowa, mayar da zagayen kullum. Ka rubuta kwanan wata da abin da ka gani a fayil ɗin kujerar, da na akushin, da na allon, ko da abin da za ka rubuta shi ne babu canji.